Kyanwar Keji Na Shida

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe 4:40 na yamma

Jirgin fito na ƙarfe uku da kwata ya makara da minti goma sha biyu. Ya kawo kyanwowi tara daga tsibiri, kowacce cikin tarkonta, an lulluɓe da tsohon bargo. Ni na karɓe su a bakin ruwa, ni na sa hannu. Yau kwanana goma sha ɗaya da fara aiki a gidan ajiye dabbobi, wata huɗu da karɓar takardata ta mataimakiyar likitan dabbobi.

Ba a mayar da su tsibirin, saboda tsuntsayen da ke yin ƙwai a cikin rairayi. Uku ƙanana ne, ba su wuce sati bakwai ba, kafin wata guda sun hau cinyar mutum. Biyar manya ne lafiyayyu, shugabarmu Griet ta riga ta samar musu gonaki, don manoma na son mai kama ɓera wadda ba ta shiga ɗaki. Saura ɗaya.

Mace ce, toka-toka, kilo biyu da giram ɗari shida, shekara shida ko fiye. Bakinta ya ruɓe. Likita Wytske ta ce gobe sai an cire yawancin haƙoran. Kyanwar da ba haƙori ba ta zaman gona. Sai ɗaki, sai abinci mai laushi, sai hannun mutum. Ita kuwa a rairayi aka haife ta.

Griet ce shugabar gidan, shekararta goma sha tara a nan. Ta nuna mini dokar da ke manne a bangon ofis: kwana ashirin da takwas. In kyanwa ta yarda hannu ya taɓa ta, a nema mata gida. In ba ta yarda ba, a kai ta ɗakin baya, likita ta yi mata allurar da ba a tashi. Na tambayi dalilin ashirin da takwas, ba talatin ba. Ta ce keji goma sha biyu ne da mu, jirgi kuma yana dawowa.

"Keji na shida," ta ce. "Taki ce."

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe 1:15 na rana

An cire haƙora goma sha ɗaya. Ni na riƙe farantin. Ta farfaɗo ƙarfe sha biyu da minti biyar, ta ja jiki zuwa kusurwa, ta juya mana baya.

Katin jikin keji mataki huɗu ne. Na farko, ta ci abinci da mutum a ɗakin. Na biyu, ta lasa daga dogon cokali. Na uku, ta bari burushi mai dogon mariƙi ya shafa ta. Na huɗu, hannu. Wanda ya gani da idonsa shi ke rubuta rana da lokaci, ya sa sunansa.

Na auna mata abinci, giram tamanin. Griet ta gan ni, ta ce tun da aka gina gidan nan ba a taɓa auna wa kyanwa kalaci ba. Yanzu Sikeli take kirana.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

A ƙasa ake zama, a ba ta gefen jiki, kada a zuba mata ido. In ido ya haɗu, a lumshe a hankali a kau da kai. A yi ta magana ƙasa-ƙasa, ko me aka faɗa. Ni jadawalin cikar teku nake karanta mata, don yana manne a ƙofa, ba sai na yi tunani ba.

Yau na sadu da Douwe. Tsoho ne, ya yi shekara arba'in yana gyaran madatsar teku, kowa Pake yake ce masa, wato Kaka, ko ba jikansa ba ne. Duk Alhamis yakan zo ya zauna da kyanwowi awa biyu. Shi sanarwar rasuwa yake karanta musu a jarida, yana ƙara nasa bayani: wannan ajinmu ɗaya, wannan ya iya kamun kifi amma bai iya gaisuwa ba. Griet ta kai shi wurin ƙananan ko zai ɗauki ɗaya, ya ce waɗannan shekara ashirin za su yi, shi wa ya ba shi ashirin. Ya leƙa keji na shida. Ta wage baki ta yi masa huci, ya ga dasashin.

"Ashe 'yar gidanmu ce," ya ce, ya zare haƙoransa na roba na sama ya nuna mata.

Griet ta ce ya mayar da kayansa baki kafin ya tsorata mata baƙi. Ya ce in wannan ta kai mataki na huɗu, tasa ce. Griet ta ce kada ya sa rai.

Na so a ce bai faɗa ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe 9:10 na safe

An ci giram 55. Ba na nan aka ci.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Mem, mahaifiyata, ta kira. Ko ina cin abinci, ko ina barci, ko nan ya fi inda na yi koyon aiki. Na ce ya fi. Ta fara cewa maganar watan Yuni kuwa, na ce ana kirana. Ba mai kirana. Ina zaune ne a ɗakina a saman shagon kekuna, da burodi da cuku a cinya. Ban ci ba.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe 11:20 na safe. Kwana na tara.

Mataki na farko. Ta ci ina zaune, mita biyu da rabi tsakaninmu, ina karanta cikar teku ta ranar Juma'a. Da gefen dama na baki kawai take ci, na rubuta wannan ma a littafina. Na sa sunana a kati, Renske, ya fito kamar rubutun ɗan aji ɗaya.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe 4:50 na yamma

Pake Douwe ya zo da bandar kifi a aljihun riga, cikin jarida. Griet ta ce gishirinta ya yi yawa, ya ce shekara saba'in da takwas yana cinta bai mutu ba, ta ce ai ga haƙoransa nan suna ba da shaida. Ya murmushe kaɗan a dogon cokali, ya zura, ya juya kai yana karanta rasuwar wata malamar makaranta. Minti ashirin da uku. Sannan ta miƙo wuya ta lasa, kunnuwa a kwance.

Mataki na biyu. Bai gani ba, kansa na juye. Ni na gani, ni na rubuta.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana. Kwana na goma sha biyar.

Burushi: Asabar ta mare shi sau uku, jiya sau biyu, yau sau huɗu har ya faɗi.

Griet ta same ni ina wanke kwanuka. Ta ce a iya saninta wadda za ta sauko, zuwa yanzu ta wuce mataki na uku. Ta ce ba don raina ya ɓaci take faɗa ba, don in fara sakin kyanwar ne a zuciya tun yanzu. Na ce to. Na wanke kwano ɗaya sau biyu.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe 8 na safe

Saura kwana goma sha biyu.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe 10:40 na safe. Kwana na goma sha bakwai.

Zan rubuta daidai yadda ya faru. Ƙarfe goma da minti biyar na shiga, na same ta kwance a gaban keji, ba a kusurwa ba. Na zura burushi, ba ta mare shi ba. Na shafa bayanta da shi sau biyar. Na ajiye, na cire safar hannu, abin da aka hana, na ɗora yatsu biyu a bayan kunnenta. Jikinta da ɗumi. Ba ta motsa ba. Can sai na ji shi a yatsuna kafin in ji a kunne, wannan rugugin da kyanwa ke yi a ƙirji in ta sake da mutum, wanda muke ce wa kaɗi don kamar keken zare yake.

Na kira Griet. Ta durƙusa ta kara kunne a jikin keji, ta daɗe ba ta tashi ba. Ta ce babba irin wannan, 'yar rairayi, ba ta taɓa ganin ta yi kaɗi cikin kwana goma sha bakwai ba. Ta ce, "Sikeli, ashe a makarantar taku ana koya wani abu."

Mataki na uku da na huɗu, lokaci guda, sunana sau biyu. Griet ta buga wa Pake Douwe waya: Asabar, ƙarfe sha ɗaya, ya zo ya ɗauki abarsa. Ta aika aka sayo kek mai lemu.

Laraba, ƙarfe 6:20 na yamma

Abincin safe: an zuba 80, ya rage 62.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe 5:45 na yamma

Ya zo da kwandon saƙar marigayiya matarsa, ya zubar da zaren ya shimfiɗa tsohuwar rigar sanyi a ciki, wai in duba ko ya isa. Ya isa. Ya sa hannu ya taɓa ta, ta yi masa kaɗi. Yau bai buɗe jarida ba. Awa biyu hannunsa na cikin keji.

An zuba 80, ya rage 74. Jikinta da ɗumi.

Na san shafin. Shekara ta biyu, littafin halayyar dabbobi, shafi na 112, ƙasa daga hagu. Littafin na kan teburina. Ban buɗe ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe 7:15 na safe

Na buɗe. Kyanwa na yin kaɗi in ta ji daɗi. Tana kuma yi in tana naƙuda, in tana jin ciwo, in ta kusa mutuwa. Wadda ba ta da lafiya takan bari a taɓa ta don ba ta da ƙarfin hanawa.

In na yi shiru, gobe ƙarfe sha ɗaya ta fita daga gidan nan da takarda, dokar bango ba ta sake hawa kanta. Wataƙila zazzaɓi ne kawai, ya wuce. In na yi magana, likita za ta zo, za a soke matakai biyu, a kwana na goma sha tara. Likita na iya duba kyanwar rairayi mara lafiya mara haƙori ta ce ba sai an jira ashirin da takwas ba.

A watan Yuni ma na gani. Wata dabba ce a inda nake koyon aiki, dasashinta ya yi fari tun safe, na ce a raina ai manya sun gani, ni 'yar koyo ce. Ba zan rubuta sauran ba.

Yau iska ta gaba za ta tare ni a kan keke. Gara in tashi.

Juma'a, ƙarfe 3:40 na yamma

Griet na haɗa kofi na shiga. Na karanta mata lambobin daga littafina, tun daga Laraba. Ta ajiye buta.

"Yaushe kika gane?"

"Laraba da yamma na fara zargi."

"Kika ci kek ɗina."

Na ce ban ci ba, yana cikin firij. Ba ta yi dariya ba, ta ɗauki waya.

Likita Wytske ta zo ƙarfe goma. Zafin jiki 40.4. Kumburi a ƙasan muƙamuƙin hagu, gashi ya ɓoye shi. Wani guntun saiwar haƙori ne ya karye ya zauna tun ranar da aka yi aikin, ya tara mugunya. Ta faɗa da bakinta cewa kuskurenta ne, a gabanmu duka, ba ta yi kwana-kwana ba. Ban san ana iya faɗa haka a ci gaba da aiki ba. Ta cire shi, ta wanke wurin, ta yi mata allura mai aiki na sati biyu.

Griet ta ja layi a kan mataki na uku da na huɗu, ta miƙo mini biro in sa suna kusa da layin. Ta ce ita za ta kira tsohon, na ce ni zan kira.

Na kira shi na gaya masa. Ya tambaya ko za ta tashi. Na ce likita na ganin haka.

"To, yarinya. Kwando ba ya ruɓewa."

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe. Kwana na ashirin da biyu.

An zuba 80, an cinye 80. Da gefe biyu take ci.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe 11:30 na safe

Na gwada burushi, ta mare shi. Na gwada hannu da safa, ta tsallake safar ta samu wuyan hannuna. Layi uku, mafi tsawo santimita shida.

Griet na wanke mini ciwon ta ce, "Ta warke ke nan. Ta sami ƙarfin ƙin mu." Muka yi dariya, sannan muka daina.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe 5:10 na yamma

Ta yi wa Pake Douwe huci kamar ranar farko. Ya zauna ya karanta mata rasuwa huɗu. Da ya gama ya shiga ofis wurin Griet, ina ɗakin wanki ina jin su.

Ya ce a ba shi ita haka nan, shi ba matashin kai yake nema ba. Griet ta ce sau biyu ta taɓa yin haka. Ta farko ta fice ta ƙofa a satin farko, a kan titi aka same ta. Ta biyu shekara guda ta yi a ƙarƙashin bahon wanka, masu gidan ba su ga fuskarta ba har suka dawo da ita. Ta tambaye shi in ta sake kwanta ciwo wa zai gane, wa zai kama ta, shi da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Ya ce tun tana 'yar makaranta bakinta ya fi ta girma. Ta ce shi ma tun lokacin ba ya jin magana. Ya fita bai sha kofinsa ba.

Griet ba ta da mugunta. Ina so in rubuta wannan. Ita ke riƙe su a ɗakin baya, ba ta bari kowa ya riƙe.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na yamma

Masu tarko sun yi waya daga tsibiri. Litinin, jirgin uku da kwata, kyanwowi bakwai. Kejin da ba kowa, shida ne.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 1 na rana

Da na yi shiru, da yau kwananta bakwai a gidansa. Ko kuma tana binne a ƙasan itacen tuffansa. Na rubuta na soke, na sake rubutawa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 4:30 na yamma. Kwana na ashirin da takwas.

Na kwafe duk abin da na auna a takarda ɗaya, rana bayan rana. Na hau keke na je gidan Pake Douwe, kilomita bakwai, na auna falonsa. Bai tambaye ni dalili ba, ya riƙe mini bakin tef.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 12:50 na rana

Ƙarfe takwas da rabi likita ta iso da jakarta. Na ce a ba ni minti biyar, na ajiye takardar a tebur.

Na ce saiwar nan tana bakinta tun kwana na biyu. Ga shi a rubuce, ranar sha biyar ga Oktoba, gefen dama kawai take ci. Duk abin da muka gwada, kyanwa mai ciwo muka gwada. Kwana bakwai kacal muka san ta da lafiya. Na ce ƙirgen ya kamata ya fara daga 28 ga Oktoba, ranar da ta cinye abincinta. 

Griet ta karanta takardar har ƙasa, ta ce dokar ba ta ce lafiyayya ba. Likita ta ce amma abin da yarinyar ta faɗa gaskiya ne, ita ma za ta sa hannu. Griet ta ce ta ji, gaskiya ba ta ƙara keji, ƙarfe uku da kwata jirgi zai tsaya.

Na ce akwai babban kejin karnuka mai naɗewa a sito, ba a taɓa shi ba tun bara. Tsawonsa mita ɗaya da santimita ashirin. Tsakanin tagar Pake da murhunsa mita ɗaya da santimita arba'in. Ba mallaka masa ita za a yi ba, takardarta na nan da sunan gidan nan, kejin ne kawai zai koma can. Kullum kafin aiki zan je in auna in rubuta.

Griet ta ajiye takardar.

"Ashirin da huɗu ga Nuwamba," ta ce. "In ranar ta zo ba hannu, ke za ki ɗauko ta daga falonsa ki kawo mini. Ba shi ba, ba ni ba. Ke, Renske."

Na ce na yarda. Likita ta rufe jakarta.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma. Kwana na goma sha ɗaya, sabon ƙirge.

Kejin ya shiga. Taga na kallon madatsa, tana wuni tana bin tumaki da ido. Kilo biyu da giram ɗari takwas. Tana lasar cokali ba jira. Yau burushi ya zauna a bayanta kafin ta mare shi. Pake ya ce daƙiƙa shida, agogona ya ce huɗu. Ya ce in rubuta biyar mu rabu lafiya. Huɗu na rubuta.

Abin da ban sani ba har yanzu:

Shekarunta na gaskiya.

Ko hannun mutum ya taɓa taɓa ta kafin Larabar da ta yi kaɗi, da kuma yadda take tuna namu: hannun da ya zo tana cikin ciwo, ko hannun da ya zo da ciwon.

Abin da Pake ke gaya mata in na tafi. Jaridar jiya na kan tebur, ba a warware ta ba.

Ko kwana goma sha bakwai sun isa.

Ko zan iya ɗaukar kejin in ba su isa ba, da fuskar da zai yi mini a bakin ƙofa.

In wata safiya na ɗora yatsu a bayan kunnenta na sake jin kaɗin nan, ko zan iya yin murna kafin in ɗauko ma'aunin zafi.